Falalu da Makircin Hannun Hagu

Duk wanda ya zauna a Ƙaraye a shekarun da bidiyo ya fara leƙowa ƙauyuka ya san Falalu mai aski, ko da bai taɓa miƙa masa kansa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da ɗan gemu da yake gyarawa safe da yamma, bakinsa kuwa ya fi askarsa kaifi nesa ba kusa ba. Aski dai ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Damuwar ita ce askin bai ishe shi ba. Abin da Falalu yake so a duniya shi ne a kira shi Malam. Ba irin Malam ɗin da 'yan kamasho ke ce wa duk mai hula a tasha ba, a'a, Malam na sosai, wanda in ya doso ake gyara zama ana Allah ya gafarta. Karatunsa ya tsaya tun ranar da ubansa ya damƙa masa aska, amma a wurinsa wannan ƙaramar magana ce da bai kamata a riƙa tayarwa ba.

Ko a gidansa abin ya ƙi. Matan unguwa kowace Malam take ce wa mijinta, har matar mai facin keke, amma Tasalla ta kafe a kan Baban Laure.

"Wai me zai ragu a jikinki in kin ce Malam?" ya tambaye ta wata rana.

"Ba abin da zai ragu a jikina, Baban Laure," in ji ta, tana tankaɗe. "Kai ma ba abin da zai ƙaru a naka."

Ana nan sai wani ɗan garin mai suna Jibo ya dawo daga Kano da akwatin talabijin da na'urar bidiyo da wani ɗan janareta mai yawan tari, ya kama shagon da ke kallon na Falalu. Lungu ne siriri tsakaninsu, wanda jaki da kaya sai ya karkace yake wucewa. Jibo ya ɗora akwatin a kan dogon teburi can ƙurya, ya jera bencina, ya fara nuna fim daga azahar zuwa magariba. Da yake bazara ce kuma ɗakin ba taga, ƙofar a wangale take wuni.

Shi kuwa Falalu yana da wani ƙaton madubi da ya rataye a bangon ciki, yana fuskantar ƙofa. Ran nan yana yi wa wani saisaye, bayansa na lungu, ya ɗaga kai, sai ga Ba'indiya tana gudu a kan tsauni daidai saman kan mutumin. Ya yi a'uziyya ya sunkuya. Can ya sake ɗagowa don ya tabbatar ta tafi. Ba ta tafi ba, har ma ta samo abokin gudu. Kashegari aka ga ya cusa guntun kara a bayan madubin ta gefe guda, wai don kada gara ta ci katakon.

Nan take ya ba kansa fatawa: wanda ya juya wa abu baya ba a ce ya kalle shi ba. Shi kan mutane yake kallo, sana'arsa ce. In wani abu ya gifta ta sama, wannan tsakanin madubi ne da Jibo.

A cikin wannan rashin kallon ne Falalu ya gano abin da ya tayar masa da hankali. Jarumi zai sha ruwa, da hagu. Uwa za ta ba ɗanta abinci a baki, da hagu. Abokai za su gaisa, hagu da hagu. Ya bi na Indiya, haka. Ya bi na Canis, haka. Na Turawa kuwa ba a magana. Abin da ya ƙarasa shi, wani fim ne da aka nuno dattijo mai farin gemu zai shiga masallaci, ya jefa ƙafar hagu, ga carbi yana reto a hannun hagu. Falalu ya ajiye almakashi, rabi takaici rabi murna. Allah ya kawo masa abin da zai sa a gyara masa zama.

Da la'asar dattawa suka taru a bencin ƙofar shagonsa kamar kullum. Akwai mai unguwa Ƙasimu, akwai kuma surukinsa Sulle mai nama, wanda ke auren 'yarsa, ya rakuɓe can ƙarshen benci saboda kunya. Falalu ya tsaya a kansu, ya juya wa gidan Jibo baya, ya gyara murya.

"Jama'a, ana yaƙar addini a lungun nan, kuna zaune kuna cin goro."

"Subhanallahi! Wa ke yaƙin?" in ji mai unguwa.

"Masu fim, ranka ya daɗe. Na Indiya da na Canis da Turawa, duk bakinsu ɗaya. Ba da bindiga suka zo ba, da hannun hagu suka zo. Duk wanda ke cikin akwatin can da hagu yake ci, da hagu yake sha, da hagu yake gaisawa. Ko mutum ɗaya ba su bari ya yi amfani da dama ba. Wannan kuskure ne? Zama aka yi aka shirya, don 'ya'yanmu su tashi suna cin tuwo da hannun tsarki."

Benci ya ɗauki salati. Wani tsoho ya tofar da goronsa.

"To kai da ba ka shiga, yaya aka yi ka sani?" mai unguwa ya tambaya.

Falalu ya shafa gemu. "Ranka ya daɗe, wani da ido yake gani, wani da basira. Na rantse tun da aka buɗe gidan can ban taɓa juya masa fuskata ba. Wa ya taɓa gani?"

Ba wanda ya taɓa gani. Kowa shaida ne cewa ƙeyar Falalu kaɗai gidan Jibo ya sani.

Sulle kuwa, wanda kullum in ya tashi daga kasuwa yake jan hula har gira ya faɗa gidan Jibo, abin ya ci masa rai. Bai san lokacin da ya ce, "Anya kuwa? Ni a ganina jarumin nan…"

Mai unguwa ya juyo a hankali. "A ganinka? Ina ka gan shi, Sulle?"

Sulle ya yi maza ya gyara zance. "A'a, ranka ya daɗe, ji na yi. Ni ai ba na kallo."

Abin da ya ɗaure wa Falalu gindi ke nan. Waɗanda ba sa shiga ba su da ta cewa, waɗanda ke shiga kuwa kowa yana da uba ko suruki a kan benci. Cikin 'yan kwanaki maganar makircin hagu ta cika gari. Iyaye mata suka fara sa ido a bakin akushi, yaro ko susa ya yi da hagu sai ya sha ranƙwashi. Falalu ya sayi farin rawani ya naɗa, ya ci gaba da aski a cikinsa, jelar tana shiga kumfar sabulu.

Ranar kasuwa Bappa ya zo aski. Dattijo ne makiyayi daga Yola, nan bayan Ƙaraye, mutum mai haƙuri in ba a taɓa shi ba. Ya zauna a yi masa ƙwal-kwabo. An yi rashin sa'a a daidai lokacin Jibo ya sa na Canis, jarumi da bos suna dambe a kan rufin gida. Falalu ya kai rabin kai lafiya. Da jarumi ya tashi sama ya kai shuri, hannun Falalu ya bi shi.

"Wayyo kunnena!"

"Kai ka motsa, Bappa."

"Ni na motsa? Kai ka daka tsalle ka ce ba shi! Wa za a ba? Me za a ba shi?"

"Da Shaiɗan nake," in ji Falalu, yana danna masa auduga. "Tun da aka buɗe gidan can yake zarya a lungun nan. Ka gode Allah ina wurin, da kunnen gaba ɗaya zai tafi da shi."

Bappa ya tafi da auduga a kunne, yana waige, bai gamsu ba.

Da Falalu ya ga maganar baki ta yi tasiri, sai ya ce saura hujja. Ya sa aka ɗauko masa tulu da moɗa daga gida, ya rufe shago, ya dasa kujera a ƙofar Jibo, ya ba ta baya. Duk wanda ya fito daga kallo zai miƙa masa ruwa, a ga hannun da zai karɓa da shi. Mutane suka riƙa fitowa sharkaf da gumi, suna karɓa da dama, suna sha, suna sa albarka. Tulu ya ƙare, ya aika aka ciko. Ya sake ƙarewa. Labari ya bazu cewa yanzu gidan Jibo har da ruwan sanyi kyauta, waɗanda zafi ke hanawa ma suka fara zuwa.

Jibo ya fito ya durƙusa a gefensa. "Baba Falalu, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban san kana ƙaunata haka ba. Gobe in da hali a jefa 'yar tsamiya a ciki."

"Tashi ka ba ni wuri! Bincike nake."

Sai da kasuwa ta zagayo sannan tarkon ya kama. Wani ya zo wucewa, ya ga tulu, ya yi sallama ya miƙo hannun hagu. Falalu ko fuskarsa bai duba ba, ya cafke hannun ya ɗaga sama.

"Jama'a ku zo ku gani! Ga na farko! Fim ya cinye masa dama!"

Mutane suka yo ca. Sai a lokacin ya ga kunnen da bai gama warkewa ba. Bappa ne. Dattijon ya yaye rigarsa da haɓa, ga hannun dama an yi masa ɗori da karare, ya kumbura suntum.

"Sa ne ya make ni," in ji Bappa a fusace. "Ni ko rediyo ba ni da shi. Ruwa kawai na roƙa."

Da wani ne da sai ya ba da haƙuri. Falalu ya juya wajen jama'a. "Kun ji ko? Abin har ya fara kama waɗanda ba su kalla ba. Har shanu sun shiga ciki!"

Bappa ya ɗaga sandarsa da hagun da ta rage masa, ya sauke. Ranar dai rawanin ya yi amfaninsa na farko.

Da yamma mai unguwa ya kira Falalu gefe. Ya ce shi ba zai rufe wa mutum wurin neman abinci a kan basira kawai ba, ga shi ma basirar ta fara jawo sanda. Amma in Malam Muntaka na Rogo ya ji maganar ya ce haka ne, to a ranar za a rufe gidan Jibo, shi kuma Falalu kowa ya san matsayinsa. Malam Muntaka kuwa babban malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga ko'ina a yankin. In ya kira mutum Malam sau ɗaya, ya zauna ke nan har kabari. Falalu ya koma shago yana ta tunanin hanyar da zai bi ya isa gabansa da hujja.

A satin ne Jibo ya sa wani dogon fim na Indiya mai kaset biyu. Labarin wata tsohuwa ce mai sayar da madara, ɗanta ya faɗa kogi yana ƙarami, 'yan fashi suka tsince shi suka raina, ya girma ya zo fashi gidan uwarsa bai sani ba. Kaset na farko ya ƙare daidai lokacin da ya ɗaga fitila zai haska fuskarta. Falalu ya yi hawaye shaɓe-shaɓe a kan wani bawan Allah, ya ce sabulu ne ya shiga idonsa. Ya gyara tsayuwa yana jiran na biyu, sai ya ji Jibo yana ba jama'a haƙuri, wai sai ya dawo daga Rogo, yanzu akwai wani kaset da zai gwada.

Ashe wasu ɗaliban Malam Muntaka ne suka sauke Alƙur'ani, aka yi walima, wani attajiri cikin masoyan Malam ya ɗauko mai ɗaukar bidiyo daga Kano. Kaset ya iso, kuma duk yankin ba mai na'ura sai Jibo, don haka aka ce ya kai kayansa Rogo jama'a su ga kansu.

Falalu ya ɗaga kai, sai ga Malam Muntaka a madubi. Ya kusa sakin aska. Ga Malam yana gaisawa da baƙi, da hagu. Ga shi ya ɗebi shinkafar walima, da hagu. Aka nuno shi riƙe da alƙalami a hagu yana rubutu a allo, rubutun kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama kamar na boko.

Ya bar mutum da rabin gemu, ya ruga gida.

"Tasalla! Sun taɓo inda ba a taɓawa! Sun kai Malam Kano sun juya shi!"

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ajiye muciya. "Baban Laure, tsakaninka da Allah, ka taɓa juyawa ka dubi akwatin nan da idonka?"

"Allah ya kiyaye! Ni?"

"To waƙar da kake yi in kana wanka, mai kama da kukan mage, a ina ka samo ta?"

"Ƙasida ce."

"Da wane yare?"

"Ba fanninki ba ne. Ki wanke min rawani, gobe daga Rogo da sabon suna zan dawo."

"Wannan kam na yarda," in ji Tasalla.

Mota ɗaya ce ta nufi Rogo da safen nan, akori-kurar da aka ɗaukar wa Jibo. Jibo, da yake ba shi da riƙo, ya ce Falalu ya hau, amma ya taimaka ya tallafe akwatin kada gargada ta fasa shi. Falalu ya hau, ya jingina bayansa da akwatin, ya mayar da hannuwa baya ya rungume shi.

"Baba, a kashe yake fa," in ji Jibo.

"Ko a kashe ba na haɗa ido da shi."

Haka ya yi tafiyar, hannuwa a baya, zabirar aski a wuya. Da suka wuce ƙarƙashin wata bagaruwa, reshe ya kama jelar rawani, ba hannun da zai tare, ya zauna yana jin rawanin na warwarewa daga kansa har ya ƙare. Sai da aka tsaya ya koma da gudu ya ciro shi. Ya sake naɗawa a gurguje, ya shiga Rogo kamar mai ciwon haƙori.

Bayan la'asar ƙofar gidan Malam ta cika maƙil. Mutanen Rogo Ruma sun zo, na Ruwan Bago sun zo, har mai unguwa Ƙasimu da Sulle sun biyo baya daga Ƙaraye. Bappa ma yana nan da ɗorinsa, domin shi ma ya ci walimar. Aka ajiye akwatin a bakin zaure inda inuwa take, Malam ya zauna a kan buzu daga gefe. Jibo ya ja janareta, ya ɗauko kaset zai saka, sai Falalu ya ratso jama'a da baya da baya, yana taka ƙafafun mutane, har ya iso gaba. Ya zube a gaban Malam, ƙeyarsa na kallon akwatin.

"Allah ya gafarta Malam, kada a saka kaset ɗin nan!"

Malam ya dube shi, ya dubi rawanin. "Bawan Allah, daga ina?"

"Falalu ne daga Ƙaraye, mai binciken fina-finai. Allah ya gafarta Malam, an ci amanarka. Maƙiya addini sun karɓi hotonka a Kano sun juya shi. A cikin kaset ɗin nan da hagu kake cin abinci, da hagu kake gaisawa, har allo da hagu ka rubuta, rubutun ma sun mayar da shi na Nasara. So suke a nuna wa duniya a ce ga yadda malaman Musulunci suke."

Wuri ya hargitse. Wasu ɗalibai suka miƙe suna neman Jibo, shi kuwa ya maƙale bayan janareta yana rantsuwa. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ka kalli kaset ɗin ke nan?"

"Allah ya tsare ni da kallo. Basira ce. In ƙarya nake, kada a sake kirana da sunan da ubana ya raɗa min."

"In kuma gaskiya ne fa?"

Falalu ya sunkuyar da kai, ya ɗan taɓa rawaninsa. "Wannan kuma sai abin da Malam ya gani."

"To madalla. Jibo, saka mana mu ga yadda aka yi da ni."

Hoto ya fito. Ga Malam yana tarbar baƙi. Jama'a suka ƙura ido, ba mai ko tari.

"Dama ce," wani ya ce.

"Wallahi dama ce."

Aka zo wurin shinkafa. "Dama!" Wannan karon da yawa suka faɗa tare. Aka zo allo, rubutu ya taho daga dama yadda aka san shi tun kaka da kakanni.

Falalu yana durƙushe, bayansa na akwatin, yana jin su. "Ku duba da kyau! Sihirin fim ne ya rufe muku ido!"

"To ka juyo mana ka gani," in ji mai unguwa.

"Ba na kallo!"

"Dama ce fa, Falalu."

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya zuge zabira, ya zaro ɗan madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu, ya ɗaga shi sama da kafaɗa, ya karkata shi da gwanintar wanda ya daɗe yana yi, har akwatin ya faɗo ciki daidai. Ya yi ihu.

"Ga shi nan! Hagu! Wallahi hagu! Ku zo ku gani, haka nake ganinsu kullum a shago!"

Ba wanda ya motsa. Janareta kaɗai ke tari. Falalu ya ji kalmar ƙarshe da ta fita daga bakinsa, ya so ya kamo ta, ta riga ta isa kunnen mai unguwa.

"Kullum," in ji mai unguwa. "A shago."

Malam Muntaka ya sa gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu kansa sai ya ce, "Falalu, miƙe hannu da madubin nan ka dubi kanka. Yauwa. Ɗaga hannunka na dama. To shi wancan na ciki, wane hannu ya ɗaga?"

Falalu ya duba. Ya sauke hannun, ya sake ɗagawa. Ya daɗe yana duban mutumin da ya shekara ashirin yana gani kowace safiya.

"Shi… na hagu ya ɗaga."

"Subhanallahi," in ji Malam. "Har shi ma sun saye shi."

Dariyar da aka yi a ƙofar gidan nan sai da ta kori kaji daga lungu. Dattawa suka riƙe ciki, ɗalibai suka kwanta a ƙasa, Jibo ya fito daga bayan janareta yana share hawaye. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Bappa ya ratso ya tsaya a kan Falalu, yana shafa kunnensa.

"Ranar da ka ce ba shi, wa ake duka?"

Falalu ya mayar da madubin cikin zabira.

"Ashe kunnena a faɗan Canis ya tafi." Bappa ya juya wajen Malam. "Allah ya gafarta Malam, mutumin nan ya ce in ƙarya yake a canza masa suna. Ni na ji, kowa ya ji. Ni dai ga nawa: Bahago."

Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai ya sake rufe baki da rawani. A wurin jama'a kuwa wannan ya isa fatawa.

Sunan ya riga akori-kura isa Ƙaraye. Da ya shiga gida Tasalla ta tarbe shi da ruwa, ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta saba ba. Ta dubi hannuwansa biyu ta ce, "Sannu da hanya, Baban Laure. A wanne zan ba ka?" Rawanin kuwa ba a sake ganinsa a kansa ba. Daga baya an gan shi an yanka biyu, ana yafa wa masu aski a wuya.

Sunan bai yi masa ciwo ba kamar abin da ya tarar kashegari. Jibo ya rataya labulen buhu a ƙofarsa, wai don kada ya ƙara jefa maƙwabci cikin zunubi. Falalu ya ɗaga kai ya dubi madubi, ba tsauni, ba kogi, sai buhu. Da azahar ya ji an saka kaset na biyu. Yana jin kiɗa, yana jin kukan tsohuwa, yana jin 'yan kallo sun yi "Kai!" gaba ɗaya, sannan tsit. Ya zare guntun karan da ke bayan madubi ya jefar, ya zauna a kujerar aski shi kaɗai, abin duniya ya ishe shi.

Da yamma Sulle ya shigo gyaran fuska, hularsa har yanzu a kan gira, idanunsa jajir kamar wanda ya sha kuka. Falalu ya shafa masa sabulu, ya wasa aska, ya leƙa waje ya ga benci ba kowa. Ya sunkuyo daidai kunnensa, ya rage murya.

"Sulle, don girman Allah. Da ya haska fitilar nan, ta gane shi?"

Sulle ya dube shi ta cikin madubi, ya gyara zama, ya lumshe ido.

"Wa fa? Ni ai ba na kallo, Bahago."